Daga Zauren Alƙali Zuwa Bwari: Yadda Hanyar Zama Lauya Ta Biyo Ta Ƙasarmu

Duk shekara a tsakiyar hunturu, da zarar an ce hukumar JAMB ta fara sayar da fom, tambaya guda ce nake yawan ji daga bakin iyaye a nan Kagoma da Kafanchan da Kwoi, wato: ina ake sayen fom ɗin makarantar lauyoyi, kuma yaushe ake jarrabawar shiga? Wasu yaran namu masu wayar hannu har sukan zo da labarin wata jarrabawa mai suna LSAT da suka gani a intanet, suna neman a samo masu littattafanta. To, bari in fara da kawar da wannan. LSAT jarrabawar Amurka da Kanada ce, inda sai mutum ya gama digirinsa na farko a wani fanni sannan ya nemi shiga karatun shari'a. Mu a Nijeriya tsarin Ingila muka gada. Yaro daga sakandare yake wucewa jami'a ya yi digirin shari'a na shekara biyar, bayan nan ne jami'ar da kanta za ta miƙa sunansa ga Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya ya yi kusan shekara guda, sannan a rantsar da shi. Saboda haka jarrabawar shiga ta gaskiya ita ce ta JAMB da wadda jami'a ke yi bayanta. Wanda ya faɗi a nan, maganar Bwari ba ta ma taso ba.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau ya wuce gyaran wannan fahimta. Na daɗe ina tunanin yadda aka yi mu Hausawan da ke zaune a wannan yanki, waɗanda kusan babu wata shekara goma da za ta wuce ba a kira mu gaban wani kwamitin bincike ko wata kotu ta musamman ba, muka zama mu ne muka fi kowa ƙarancin lauyoyi na kanmu. Amsar tana cikin tarihin hanyar ita kanta, domin ƙofar da ake shiga ta sauya wuri har sau uku, mu kuwa muna tsaye a bakin ta farko.

Ƙofar farko ita ce zauren malam. Masarautar Jama'a, wadda aka kafa wajen shekarar 1810 tana bin Zazzau, tana da alƙalinta kamar kowace masarauta ta daular Usmaniyya, kuma wanda zai zama alƙali ba fom yake cikewa ba. Yana sauke Alƙur'ani, ya karanta ƙananan littattafan fiƙihu, ya shiga Risala ta Ibn Abi Zaid, ya haura Mukhtasar na Khalil, in ya yi nisa ya haɗa da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, wadda ita ce ke koyar da yadda ake zaman shari'a, wa ke kawo shaida, wa ke rantsuwa. Daga nan sai ya zauna kusa da alƙali a matsayin muhuti ko magatakarda shekara da shekaru. Jarrabawarsa ita ce shaidar malamansa da yardar sarki, kuma galibi abin gado ne, gidan alƙalai daban yake a kowane gari. Da Turawa suka zo a 1900 ba su rushe wannan tsari ba. Lugga ya bar kotunan alƙalai, ya hana wasu hukunce-hukunce irin su yanke hannu, ya sa Razdan da Di'o su riƙa duba littafin shari'a. Daga baya aka kasa kotunan daraja huɗu, daga A zuwa D, inda ta A kaɗai ke iya yanke hukuncin kisa, shi ma sai Gwamna ya sa hannu.

A wannan zamani ne jirgin ƙasa ya iso. Tsakanin 1926 da 1927 aka haɗa layin dogo da ya taso daga Fatakwal da na Kaduna, aka fitar da reshe zuwa Jos, Kafanchan ta zama mahaɗa. A 1933 aka ɗauko fadar Sarkin Jama'a aka dawo da ita Kafanchan. Kakannin da yawa daga cikinmu a waɗannan shekarun suka sauka, wasu daga Kano, wasu daga Zariya da Katsina, da fatauci da ɗinki da fawa da jima, suka bazu zuwa kasuwannin ƙauye irin na Kagoma, inda daga baya cinikin citta ya riƙe su. Idan rigima ta taso a kan bashi ko gado ko aure, alƙali na nan, da harshensu yake magana, da littafin da suka sani yake hukunci. Me zai sa mutum ya yi tunanin lauya?

A nan dole in faɗi wani abu da ba mu cika son ji ba. Kotun da kakanninmu suka ɗauka tasu ce, maƙwabtanmu ba haka suka gan ta ba. Mutumin Gwong ko Bajju ko Fantswam da aka kai gaban alƙali ana yi masa shari'a da wani harshe da wata doka da ba tasa ba, yana fita da wani abu a zuciya, kuma wannan abin ya taru shekara da shekaru. Ƙasar Kagoma tana ƙarƙashin Masarautar Jama'a har zuwa 1995, lokacin da gwamnatin Kanar Lawal Ja'afaru Isa ta ba Gwong masarautarsu. Wanda bai fahimci wannan ba, ba zai gane dalilin da ya sa 'ya'yan maƙwabtanmu suka rungumi karatun shari'ar boko da hannu biyu ba. Su sun ga amfanin sanin dokar da ke sama da ta alƙali tun kafin mu gani.

Shi kansa lauya, Turawa ba su so ya shigo Arewa ba. Ɗan Nijeriya na farko da ya zama lauya, Christopher Sapara Williams, an rantsar da shi a Landan tun 1879. Amma dokar Turawa ta hana lauya tsayawa a kotun gargajiya, kuma kotunan lardi da Lugga ya shimfiɗa a 1914 su ma an rufe wa lauyoyi ƙofarsu har zuwa gyaran da Gwamna Cameron ya yi a 1933. Mutumin Arewa na farko da ya zama lauya shi ne Alhaji Abdulganiyu Folorunsho Abdulrazaq na Ilori, a 1955. Mai karatu ya lissafa da kansa, shekara 76 ke nan tsakani. A wannan shekarar ce kuma Mamman Nasir ya samu tasa shaidar a Lincoln's Inn, sai Muhammadu Bello na Katsina a 1956, wanda ya zama Babban Jojin Nijeriya daga 1987 zuwa 1995.

Abin da Arewa ta samu a maimakon haka shi ne makarantar alƙalai. A 1934, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka buɗe Makarantar Shari'a ta Lardunan Arewa a Kano, aka ɗauko malamai daga Sudan, cikinsu har da Shehu Bashir al-Rayyah. A 1947 aka faɗaɗa ta ta koma Makarantar Nazarin Larabci, wadda har yau ake kira SAS. A nan ɗalibin fiƙihu ya zauna a kan benci, aka buga masa ƙararrawa, aka yi masa jarrabawa a rubuce aka ba shi takarda. En'e-en'e ce ke zaɓen ɗalibai ta turo, don haka ko a nan ma sai kana da wanda zai kai sunanka. Marigayi Shehu Abubakar Gumi a wannan makaranta ya yi karatu, ya ƙaro a Bakhtar-Ruda ta Sudan, ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962.

Abin da ya girgiza wannan tsari wata shari'a ce daga Gwandu. A 1947 kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa wani mutum mai suna Tsoho Gubba hukuncin kisa saboda ya kashe mutum. A fiƙihun Malikiyya kisan ganganci ne. Amma da aka ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma, sai alƙalan suka ce a dokar laifuka ta Turawa an tunzura shi ne, kuma wanda aka tunzura ba a kashe shi, don haka suka soke hukuncin. Nan take tambaya ta taso: wace doka ce ke sama? Aka yi shekara goma ana gyara ana warwarewa. Da mulkin kai ya matso, kwamitin Willink na 1957 zuwa 1958 ya zaga yana sauraron koke-koken ƙananan ƙabilu, kuma kotunan alƙalai na cikin manyan abubuwan da mutanen tsakiyar Nijeriya suka yi kuka da su. Sardauna ya ga in ba a yi wani abu ba za a iya yanke masa jiha. Sai gwamnatinsa ta kira kwamitin masana shari'a a 1958 ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, tare da Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, da Farfesa Anderson na Landan, da Shettima Kashim, da Peter Achimugu, da Malam Musa Babban Alƙalin Bida. Shawararsu ce ta haifi Final Kod, wanda aka kwaikwayo daga na Sudan, ya fara aiki ran 30 ga Satumba 1960, kwana guda kafin a sauke tutar Ingila.

Daga ranar nan ƙofa ta biyu ta buɗe, kuma a Kongo take. Makarantar Koyon Sha'anin Mulki ta Zariya ce aka ɗora wa nauyin tara alƙalai da ma'aikatan kotu a koya masu sabuwar doka, a ƙarƙashin wani Bature mai suna S.S. Richardson. Dattijon da ya yi shekara talatin yana hukunci da Mukhtasar ya koma aji yana koyon sashe kaza ƙaramin sashe kaza. A nan Kongon kuma aka fara shirya samarin Arewa su ɗauki kashin farko na jarrabawar lauyoyin Ingila kafin a tura su Landan su ƙarasa. A can sai ka yi rajista da ɗaya daga majalisun lauyoyi huɗu, wato Lincoln's Inn da Gray's Inn da Inner Temple da Middle Temple, ka ci jarrabawa, ka kuma halarci adadin liyafar cin abinci da aka ƙayyade. Misalin da nake so ɗan gidan malamai ya riƙe shi ne na Muhammadu Lawal Uwais. Ɗan Babban Alƙalin Zazzau ne, ya bi ta Barewa da Kongo, aka rantsar da shi a Middle Temple a 1963, ya hau Kotun Ƙoli a 1979, ya riƙe muƙamin Babban Jojin Nijeriya daga 1995 zuwa 2006. Allah ya yi masa rasuwa a watan Yuni na 2025. Gidansu ya gane cewa ƙofa ta tashi daga zaure, sai suka bi ta. Haka Maryam Aloma Mukhtar, wadda aka rantsar a Middle Temple a 1966, mace ta farko daga Arewa, ta kuma zama Babbar Jojin Nijeriya a 2012.

Tafiya Landan ba ta daɗe ba. Tun 1959 gwamnatin tarayya ta kafa kwamiti ƙarƙashin Antoni Janar Unsworth, wanda ya ce lauyan da ya koyi dokar Ingila zalla bai san dokar ƙasa da ta gado da ta aure irin tamu ba, don haka a buɗe tsangayar shari'a a jami'a, a kuma kafa makarantar koyon aiki a Legas. Nsukka ce ta fara a 1961. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a watan Oktoba 1962, tsangayar shari'arta na nan Kongo har gobe. Dokar ilimin lauyoyi ta 1962 ta kafa hukumar da ke kula da harkar, kuma a Janairun 1963 makarantar ta fara aiki a gida mai lamba 213A a titin Igbosere da ɗalibai takwas kacal. Takwas! Yau dubbai ake rantsarwa a zama guda.

Sai kuma 1968, shekarar da ni a ganina ita ce ta fi shafar mu kai tsaye. Daga 1 ga Afrilu aka karɓe kotuna daga hannun En'e aka mayar da su ƙarƙashin ma'aikatar shari'a ta jiha da sunan kotunan yanki, aka rufe kotunan sarakuna. Daga nan alƙali ya zama ma'aikacin gwamnati, takarda ce ke ɗaukarsa aiki, takarda ce ke yi masa ƙarin girma. Bayan tsarin mulkin 1979 kuma hanin da aka yi wa lauyoyi na shiga irin waɗannan kotuna ya faɗi. Wato har a gaban alƙalin da kakanninmu suka saba da shi, yanzu sai ka tarar abokin shari'arka ya zo da mai baƙar kwat.

A duk tsawon wannan lokaci me ke faruwa a nan gida? Mishan na SIM sun sauka Kwoi tun 1910, suka kafa tasha a Kagoro, 'yan Katolika su ma suka buɗe nasu makarantun. Yaran yankin suka shiga aji tun da wuri, suka iya Turanci, suka cika kwalejojin horon malamai, daga can sai Zariya. Iyayenmu kuwa suna ganin makarantar mishan hanyar barin addini ce, kuma ban ga laifinsu ba a kan wannan tsoro, domin akwai dalilinsa. Sai dai ko da gwamnati ta karɓe makarantun a shekarun 1970, ko da aka fara shirin firamare kyauta a 1976, yawancinmu mun ci gaba da ganin rumfar kasuwa ta fi aji saurin kawo kuɗi. Sakamakon a bayyane yake. Fadan Kagoma ta fitar da Patrick Ibrahim Yakowa, wanda ya bi ta jami'ar Zariya da aikin gwamnati har ya zama gwamnan Kaduna a 2010, kafin hatsarin jirgi mai saukar ungulu ya ci shi a Bayelsa a Disambar 2012. Jihar nan ta fitar da Hansine Donli, wadda ta yi Antoni Janar ta Kaduna ta kuma zama shugabar farko ta Kotun ECOWAS, da Mai Shari'a Kumai Bayang Aka'ahs da ya zauna a Kotun Ƙoli daga 2012 zuwa 2019. Ban kawo sunayen nan don hassada ba. Sun yi karatu ne, kuma karatun bai zo masu da sauƙi ba.

Ranar da muka san muhimmancin abin ita ce ranar da wuta ta tashi. Rikicin da ya faro daga Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ran 6 ga Maris 1987 ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. Gwamnatin jiha ta kafa kwamitin Donli, ta tarayya ta kafa kotu ta musamman ƙarƙashin Mai Shari'a Karibi-Whyte. A 1992 aka yi na Zangon Katab, aka kafa hukumar bincike ta Mai Shari'a Rahila Cudjoe, sannan kotun Mai Shari'a Benedict Okadigbo, wadda ta yanke wa Janar Zamani Lekwot da wasu hukuncin kisa a 1993, daga baya gwamnatin Babangida ta sassauta shi zuwa ɗaurin shekara biyar. Aka sake yin wani a Kafanchan a 1999 a kan naɗin sarki, sannan babban na Afrilun 2011 bayan zaɓe, wanda ya cinye kasuwar Kafanchan ya kuma tarwatsa mutanen Zonkwa da Matsirga, aka kafa kwamitin Shehu Ahmad Lemu. Kowane ɓangare ya yi asarar rayuka a waɗannan fitintinu, kowane kuma yana da nasa labarin. Abin da ni na gani da idona shi ne, duk lokacin da aka ce a kawo takardar koke, sai dattawanmu su haɗa kuɗi a ɗauko lauya daga Kaduna ko Zariya ko Jos, mutumin kirki amma baƙo, wanda sai an zaunar da shi an zana masa taswirar unguwa a ƙasa kafin ya gane wace rumfa ce ta wa. Ana biyansa ya tafi. Idan rahoto ya fito bayan shekara biyu, babu wanda zai bi sawu.

To, mu dawo kan ƙofa ta uku, wadda yaranmu ke tsaye a bakinta yanzu. An kafa JAMB a 1978 don a daina yadda kowace jami'a ke yin jarrabawarta, yaro guda ya kama gurbi uku wani ya rasa. A 2005, zamanin minista Chinwe Obaji, aka ba jami'o'i damar sake tantancewa da tasu jarrabawar. A 2010 aka haɗe jarrabawar jami'a da ta kwalejoji ta zama UTME, daga 2015 aka koma kwamfuta gaba ɗaya, daga 2021 kuma ba a rajista sai da lambar NIN. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku, maki 400 gaba ɗaya. Mai neman shari'a zai ɗauki Turanci da Adabin Turanci, sai biyu daga darussa irin su Gwamnati da Tarihi da Addinin Musulunci. Wanda ke son ɓangaren shari'ar Musulunci a Zariya ko Bayero ko Sakkwato, ya kula da Larabci da Addini tun daga aji huɗu.

Adabin Turancin nan shi ne ramin da ya fi cinye mana yara. Yaro zai zo da kiredit bakwai a WAEC ko NECO, cike da murna, ka duba ka ga babu Adabi, ko dai makarantarsu ba ta da malamin, ko kuma abokai sun ce masa darasin 'yan mata ne mai yawan karatu. Ba tare da kiredit a Turanci da Adabi ba, ko ya ci maki 300 a JAMB, tsangayar shari'a ba za ta dube shi ba. Shi kuwa Lissafi ƙa'idarsa ta sha sauyawa, don haka a nemi kiredit ɗinsa kawai a huta. Kuma Adabi ba a haddace shi a wata guda. Littattafan da aka ware na wannan zangon, na wasan kwaikwayo da ƙagaggen labari da waƙoƙi, sai an karanta su daga bango zuwa bango, ba taƙaitawar da ake sayarwa a bakin tasha ba. Ni abin da nake gaya wa iyaye shi ne, kuɗin da za a kashe wa yaro a cibiyar share fage wata uku kafin jarrabawa, gara a saya masa littattafan tun yana aji huɗu a sa shi ya riƙa karanta jarida da babbar murya. Sannan a kai shi inda zai taɓa kwamfuta. Na ga yaro mai ƙoƙari da ya ɓata minti goma sha biyar yana neman yadda zai wuce tambaya ta gaba.

Mafi ƙarancin makin da ake sanarwa a rediyo bayan taron JAMB kada ya ruɗi kowa. Wannan na shiga jami'a ne gaba ɗaya. Shari'a tana sahun likitanci wajen cunkoso, saboda Hukumar Ilimin Lauyoyi ta yanka wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, kuma da wannan adadin ne ake karɓar ɗalibanta a makarantar lauyoyi. Jami'ar da ta zarce, ɗalibanta ne ke zaman jiran layi bayan sun gama. Hukumar takan hukunta masu yin haka: a Janairun 2025 JAMB ta sanar da dakatar da ɗaukar ɗaliban shari'a a jami'o'i takwas na wannan zangon karatu. Kafin uba ya sayar da buhunan cittarsa ya kai yaro jami'a mai zaman kanta, ya tambaya ko hukumar ta amince da tsangayar, kuma mutum nawa aka yanka mata. Amincewar Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ita kaɗai ba ta isa ba.

Yanzu ga wurin da ya fi yi mana ciwo. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe ne kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewayen jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka ce suna baya a ilimi. Wato fiye da rabin gurabe sun rataya ne a kan jihar da ka ce kai ɗanta ne, kuma hujjar ita ce takardar shaidar ƙaramar hukuma, wadda muke kira indijin. Tsarin mulkin 1999 a sashe na 42 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda asalinsa, amma shi ɗin ne a sashe na 147 ya ambaci ɗan asalin jiha wajen naɗa minista ba tare da ya fassara ko wane ne ba. Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan wannan matsala a 2006, kuma Kaduna na cikin jihohin da ta bincika. Mu a nan ba halinmu ɗaya ba. Wanda gidansu ke cikin tsofaffin gidajen Jama'a yana da inda zai dafa. Wanda kakansa ya sauka a kasuwar ƙauye a zamanin jirgi, shi ne ke shan wahala: a nan a ce masa ya koma garinsu, ya je garin kakan nasa mai unguwa ya ce bai san ubansa ba. Na raka wani ɗan ƙanena wani ofis sau huɗu a kan wannan takarda, kullum a ce mai sa hannu ya fita. Gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i, wadda ta yi mulki daga 2015 zuwa 2023, ta ce ita ta soke bambancin ɗan asali da baƙo a harkokin jihar, amma fom ɗin tarayya bai daina tambayar jiha da ƙaramar hukumar asali ba.

Shawarar da zan bayar a nan ta aiki ce. A yanke magana guda a gida tun yaro na ƙaramar sakandare, a nemi takardar tun lokacin, kuma abin da aka rubuta a NIN ya zama shi ne a WAEC, shi ne a JAMB, har da yadda ake rubuta suna da ranar haihuwa. Muhammad a nan, Mohammed a can, Mamman a takardar firamare, wannan kaɗai ya isa ya tsayar da mutum a wajen tantancewa, kuma makarantar lauyoyi ta fi kowa tsanani a kan haka tunda halin mutum da gaskiyarsa na cikin abin da take aunawa. Waɗanda takardunsu suka ƙone a 2011 sun san abin da nake nufi. A ɗauki hoton kowace takarda a ajiye a wani gari.

Wanda JAMB ta ƙi shi sau ɗaya ko biyu, akwai hanyar shiga aji biyu kai tsaye, ta IJMB da jami'ar Zariya ke gudanarwa, ko ta diflomar shari'a inda jami'ar ke karɓarta, ko ta digiri a wani fanni. Ta nan karatun shekara huɗu ne. Wannan hanya ta fi dacewa da 'ya'yan malamanmu da suka yi nisa a Larabci, domin tun da gwamnatin Ahmed Maƙarfi ta rushe kotunan yanki a 2001 ta kafa kotunan shari'ar Musulunci da na gargajiya a madadinsu, ana buƙatar mutanen da suka haɗa Mukhtasar da takardar jami'a. Sashe na 276 na tsarin mulki ya buɗe kujerar Kadi a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga lauyan da ya shekara goma yana da shaidar ilimin shari'ar Musulunci, da kuma masanin da ya riƙe irin wannan shaida shekara goma ko da bai zama lauya ba. Daga nan jami'ar Jos ba ta da nisa, ta Keffi ma haka in ka bi ta Kwoi, kuma dukkansu suna da tsangayar shari'a.

Ita kuwa makarantar lauyoyin, a 1997 gwamnatin Abacha ta ɗauke hedkwatarta daga Legas ta kawo Bwari, wadda ke iyaka da ƙaramar hukumar Kagarko ta jiharmu. Daga baya aka buɗe rassa a Bagauda ta Kano da Agbani ta Inugu, aka ƙara Yola da Yenagoa da Fatakwal, ga kuma tsohon na Legas. Ba kai ke da ta cewa a kan inda za a tura ka ba, ɗan Kagoma na iya tsintar kansa a Yenagoa. Darussa biyar ne: shari'ar farar hula, shari'ar laifuka, dokar filaye da kadarori, dokar kamfanoni, da ladubban aikin lauya. A tsakiyar shekara ana tura ɗalibi ya zauna a kotu da ofishin wani lauya ya ga yadda ake yi. Liyafar nan ta Landan ma ba ta mutu ba, sau uku ake cin ta, da baƙar kwat da farar riga. Kuɗin makaranta da na hular gashi da alkyabba ba ƙanana ba ne, kuma lokaci guda ake neman su, shi ya sa iyali da yawa ke fara adashi tun yaro na aji huɗu a jami'a.

Iyayen 'yan mata sukan tambaye ni batun hijabi, kuma tambaya ce mai tushe. A Disambar 2017 an hana wata ɗaliba da ta gama jami'ar Ilori, Firdausi Amasa, shiga zauren rantsarwa a Abuja saboda ta ƙi cire hijabinta. Maganar ta kai har Majalisar Wakilai. Majalisar dattawan lauyoyi da ke da alhakin rantsarwa ta zauna ta amince, aka rantsar da ita a Yulin 2018 da ƙaramin hijabi a ƙarƙashin hular gashin. Tun daga lokacin 'yan mata Musulmi suke shiga zauren da hijabinsu, kuma a cikin yaran unguwarmu da suka zo mini da maganar shari'a a bana, mata sun fi maza yawa.